Takardar da Ta Ƙaryata Ni

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Ramlat ta zo daga Kano. Jikata ta fari, 'yar babban ɗana. Wata biyu ke nan da aka ɗauke ta koyon aiki a asibiti, ɓangaren masu duba tunani da halin mutum. Ta gama jami'a, saura wata shida a ƙarƙashin wata likita, Dakta Tahira, sannan a ba ta izinin zama da marasa lafiya ita kaɗai. Sau uku na sa ta maimaita mini don in rubuta daidai.

Ta zaro farar riga daga jaka ta sa, don kakarta Hure ta gani. Hure ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Na ce bari in je in duba akuya, alhali akuyar tana ɗaure a gabana.

Da na dawo na ce, "Amaryata, yanzu kin fi ƙarfin tsoho ko?"

Ta ce, "Da can ma na fi ƙarfinka. Ba haƙori, ba sadaki."

Ita ta kawo mini wannan littafin. Wai tunda na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci ina da shekara hamsin da biyu, kada in bar hannun ya mutu. Bai mutu ba. Ga shi.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ashe da buƙata ta zo. Kowane ɗalibi sai ya gwada takardar awon hali a kan mai lafiya wanda ya yarda, kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya. Ita an ce ta nemo dattijon karkara mai karanta Hausa da kansa. Ta ce, "Duk faɗin Bagwai wa zan samu kamarka?" Kafin ta rufe baki na ce kawo.

Muka zauna gindin darbejiya a tsakar gida. Hure na gefe tana ɓarar gyaɗa, Aina'u, uwar Ramlat, tana kai da kawo da tulu. Takarda ta farko magana ɗari da tamanin ce, kowacce ka sa alama: haka ne, ko ba haka ba ne.

"Nakan yi fushi wani lokaci." Ba haka ba ne.

"Akwai mutanen da ba na son gani." Ba haka ba ne.

"Nakan ji baƙin ciki ya daɗe bai sake ni ba." Subhanallahi. Mutumin da gero ya cika masa rumbu biyu? Ba haka ba ne.

"Nakan ji sautin da na kusa da ni ba sa ji." Na ce wannan ta Khamisu ce, maƙwabcina, a kai masa. Muka yi ta dariya.

Takarda ta biyu, su fara magana kai ka ƙarasa. Abin da na fi so: Aljanna. Abin da nake tsoro: Allah. Matata: mai haƙuri ce (tana ji). Sai na iso wata da aka rubuta "Ɗana..." Na ce biro ya ƙi. Ramlat ta dube ni, ta wuce ta gaba. Ta san dalili. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, balle wanda ya riga mu gidan gaskiya. Shekara uku ke nan. Ko a ajin yamma da malam ya ce kowa ya rubuta sunayen 'ya'yansa, daga na biyu na fara, kuma a lokacin yana raye.

Ko awa ɗaya ban yi ba na gama. Ina jin na cinye duka.

Litinin, 9 ga Satumba

Ta koma da sassafe. Gidan ya yi faɗi.

Laraba, 11 ga Satumba

A dakalin masallaci bayan azahar Khamisu ya ce, "Malam Sammani, an ce jikarka likitar mahaukata ce, kuma da kai ta buɗe kasuwa."

Na ce ba mahaukata kaɗai take dubawa ba, har masu surutu, in kana so in sa ka a layi. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta yaƙe.

Su faɗi abin da za su faɗa. Da ta tafi sakandare sun yi magana. Da ta tafi jami'a sun yi magana. Ubanta ne ya tsaya mata a lokacin, da ya tafi ni na tsaya. A ƙauyen nan kaf, wa ya taɓa sa farar riga? Ko namiji.

Asabar, 21 ga Satumba

Ramlat ta zo ba ta sanar ba. Ba ta tsokane ni a ƙofa ba, nan na san da magana.

Bayan an sauke tuwo ta fito da takardun. An zane su da jan biro. Ta ce, "Kaka, takardar ba ta karɓu ba."

Na ce wace na faɗi? Ta ce ba faɗuwa ba ce. Wai a cikin maganganun akwai guda goma sha biyar da aka shuka da gangan, irin ƙananan laifukan da babu ɗan Adam ɗin da ya kuɓuta daga gare su: fushi, jinkirta aiki, jin haushin wani. Wanda ya musanta yawancinsu, an san yana nuna kansa fiye da yadda yake, sauran amsoshinsa kuma ba za a iya karanta su ba. Ni na musanta goma sha huɗu.

Na ce, "Wato takarda ce ta ce na yi ƙarya."

Ta ce a'a, Dakta Tahira ta ce laifin ita Ramlat ne ba nawa ba. Ta zaunar da ni a gaban matata da surukata. Ta bar abin ya zama wasan jika da kaka. Ba ta yi mini bayani ba. Ta ga na tsallake waje ba ta tambaya ba. Yanzu dama ɗaya ta rage mata: ranar Alhamis 17 ga Oktoba ta kawo wannan dattijon dai, ta sake aunawa a gaban Dakta. In takardar ta sake ƙin karɓuwa, za ta koma farkon koyon aikin, 'yan ajinsu su wuce su bar ta.

Shekara saba'in da huɗu, ba a taɓa kai ni gaban mai unguwa a kan ƙarya ba. Sai yau, takarda.

Ban yi fushi ba. Na dai tashi na bar tuwon.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na ce ta nemi wani tsohon. Ta ce ta roƙa, Dakta ta ƙi. Wai marasa lafiya da yawa haka za su zo mata a rufe, in ba ta koya a kaina ba a kan wa za ta koya?

Na ce to ta sani, ko gaban gwamna aka kai ni, amsa ɗaya ba zan canja ba.

Ta ce, "Baba Tsoho, ranar da awakin Malam Khamisu suka shiga maka wake, wa ya bi su da fartanya har bakin rafi, ba hula?"

Na ce wannan ba fushi ba ne, gyara ne.

Ta yi dariya amma idonta ya kawo ruwa. Ta tafi da la'asar.

Ga abin da ban gaya mata ba. Takardar nan can aka ƙirƙiro ta, ƙasar da mutum zai tsayar da kai a hanya ya zazzage maka cikinsa. An juya ta Hausa amma ba a juya mata hali ba. Mu nan, a tambaye ka gida ka ce lafiya lau, ko da gawa a ɗaki ana jiran a haƙa kabari. Ba ƙarya ba ce. Ladabi ne ga Ubangiji. Wanda bai san wannan ba, me ya sani da zai auna ni?

Talata, 24 ga Satumba

Cirar gyaɗa a gonar rafi. Ta yi 'ya'ya. Alhamdulillahi.

Juma'a, 27 ga Satumba

Hure tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Malam, ka ce wa yarinya ba ka jin sautin da wasu ba sa ji. To me kake ɗaga kai kana kallon ƙofa kullum la'asar?"

Na ce iska ce.

Ta ce, "Iska mai salansa."

Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta kira suna ba, ita ma ba ta taɓa kira ba, ita da ta haife shi.

Tunda littafin nawa ne: da la'asar yake dawowa daga Bici. Salansar babur ɗinsa ta kwance, tun daga gindin kuka ake jin ta. Ranar ya ɗauki albasa buhu biyu, mota ta haɗu da shi kafin ya kai. Wani lokaci nakan ji kamar... ba kullum ba. Hure tana ƙara gishiri.

Talata, 1 ga Oktoba

Aina'u ta durƙusa ta ce, "Baba, waken gonar gabas kamar tsutsa ta shiga, ko za ka leƙa?" Gonar mijinta ce. Tun bayansa ƙannenta ke noma mata. Na ce gwiwa ta matsa mini, ta aika a kira mai feshi.

Gonar rafi ta fi nisa, na sani. Jiya ma na je. Ba sai an gaya mini ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ramlat ba ta zo ba. Ta buga wa uwarta waya, Aina'u ta kawo mini saƙon, kanta a ƙasa. Wai Ramlat ta yanke shawara za ta gaya wa Dakta dattijon ya janye. Dokar aikinsu ce, ba a tilasta wa mutum, ba a lallashinsa da kuka. Za ta maimaita. Wai in kwantar da hankalina, 'yan watanni ne.

'Yan watanni. Yarinyar da take karatu tana tsince wake da ɗaya hannun.

Ban san ta inda maganar ta fita ba, amma da la'asar ta riga ni zuwa dakali. Khamisu ya ce, "Ashe likitar tamu ta faɗi? Allah sarki. Ai da ma aikin ba na mata ba ne."

Na ce, "Wa ya ce ta faɗi? Ranar sha bakwai za mu shiga Kano ni da ita. Ka wanke ido."

Sai da na iso gida na tuna ban shawarci kowa ba, har ni kaina. To, na faɗa. Zan je. Amma amsata ita ce amsata.

Litinin, 7 ga Oktoba

Don in tabbatar wa kaina, yau na sa ido in ga ko zan yi fushi. Kafin azahar: akuya ta tsinke igiya, batirin rediyo ya mutu ana tsakiyar labarai, Khamisu ya wuce yana fito. Uku.

Yau ba ranar gwaji ba ce. Rana ce ta daban.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tsayar da Liman bayan sallar asuba, na ce wani abokina ne yake tambaya. In likita ya tambayi mutum abin da ke zuciyarsa ya faɗa, ya yi wa Allah butulci?

Liman ya ce wanda ya nuna wa likita ƙurji ba ƙarar Ubangiji ya kai ba. Hawaye ma ba haramun ba ne, abin da harshe zai furta shi ake tsoro. Ya sa takalminsa, sannan ya ce, "Ka gai da abokin naka, Malam Sammani. Ka ce ya daɗe."

Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Hure ta fito da shuɗiyar babbar riga ta Idi, ta turara ta. Ta ce in bi ta bayan gari in hau mota, kada a yi ta kallo. Ta gaban dakali zan bi. A hankali ma.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Jiya ban iya riƙe biro ba. Yau zan rubuta duka, kada in manta, ko in gyara.

Na bi ta gaban dakali. Khamisu ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sako ka. Na ce amin, zan kama maka gado.

Ramlat ta tare ni a tasha ta kai ni. Ɗakin ƙarami ne: tebur, kujera biyu, fanka tana juyawa. A lungu wata mace sa'ar Aina'u da littafi a cinya, ita ce Dakta Tahira. Ta tashi ta russuna ta ce, "Baba, mun gode da ka taso." Na so in ƙi ta, ban samu ta inda zan kama ba.

Ramlat ta fita ta sake shigowa da farar riga. Ta yi sallama ta zauna ta ce, "Malam Sammani, sannu da zuwa. Sunana Ramlat, ɗaliba ce ni a nan."

Na ce, "Amarya, yau kuma baƙunta ake yi?"

Ba ta yi dariya ba. Ko gefen bakinta bai motsa ba. Sai na ji kamar an zare mini tabarma.

Ta ce wannan ba jarrabawa ba ce, ba a ci ba a faɗuwa. Ba mai ganin takardar sai ita da Dakta, ko mutanen gidana ba za su ji ba. In na ga dama in tashi a kowane lokaci, ƙofa a buɗe take, ba mai riƙe ni da komai. Ta faɗi wannan tana kallona, ta san in na tashi ita ce za ta koma baya. Sannan ta ajiye takardar da take karanto bayanin daga ciki, ta ƙara wata magana da na tabbata ba a rubuce take ba.

Ta ce, "Ɗazu na tambaye ka lafiya ka ce Alhamdulillahi. Na karɓa, gaskiya ka faɗa. Wannan takardar ba godiyarka take tambaya ba. Abin da yake zuwa zuciya kafin mutum ya ce Alhamdulillahi, shi take tambaya."

Na ce to ai da haka aka ce tun farko.

Na ɗauki biro. "Nakan yi fushi wani lokaci." Na tuna fartanya da bakin rafi. Haka ne. "Akwai mutanen da ba na son gani." Mutum ɗaya ne, amma babu wajen rubuta adadi. Haka ne. "Nakan bar aikin yau sai gobe." Dangar bayan gida wata uku. Haka ne. Abin ya fara ba ni nishaɗi ma, kamar mai sauke dami ɗaya ɗaya.

Sai na iso ta baƙin ciki. Na daɗe a kanta. Na sa alama. Na iso ta sauti, na sa alama, ban ɗaga kai ba.

Da na gama ta duba, ta ce akwai 'yan wurare da za ta nemi ƙarin bayani. "Wane sauti kake ji?"

Na ce babur.

"Yaushe?"

La'asar.

"Idan ka ji, kana ɗauka da gaske ya iso ne?"

Na ce, "Ni ba mahaukaci ba ne. Na san inda yake kwance, da hannuna na sa shi."

Ta rubuta.

Takarda ta biyu. Abin da nake tsoro, na sa Allah, sannan na ƙara: da hanyar Bici. Na iso "Ɗana..." na tsallake, na gama sauran na miƙa mata. Ta duba ta mayar mini gabana. Ta ce, "Na ga ka bar wannan."

Na ce, "Kin san al'ada."

Ta ce, "Na sani. Ba sai ka sa suna ba."

Ta yi shiru. Na jira ta wuce kamar wancan karon, ba ta wuce ba. Na dubi Dakta, tana kallon littafinta. Fanka tana ta juyawa. A waje wani yana tura keken marasa lafiya mai ƙara. Ban san yarinyar nan ta iya shiru haka ba, ita da tun tana goye bakinta bai huta ba. Na ce a raina mu gani wa zai gaji. Ni na gaji.

Na rubuta: Ɗana ya dasa mangwaro a gonar gabas, bai ci ba.

Da na ajiye biron sai baki ya ci gaba shi kaɗai. Na ce ranar shi ya ce a bar albasar sai gobe, babur ɗin birkinsa ba daidai ba, zai kai gyara. Ni na ce gobe farashi zai faɗi, ya daina lalaci. Kalmar da na faɗa ke nan, lalaci. Ya ce to, Baba. Ya ɗaura buhunan ya tafi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kuma wadda na gaya wa 'yarsa ce.

Da na gane abin da na yi sai na kasa kallonta. Na ce shi ke nan, na ɗora mata abin da ya fi maimaita aji, yanzu za ta fashe da kuka a gaban malamarta, ko ta tashi ta fita.

Ta ajiye biro. Ta ɗauki kofin ruwa ta sha, ta tura mini nawa. Ta ce, "Na ji, Malam. Shekara uku kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

Na ce eh.

Ta ce, "Da nauyi." Ta bar ni na goge fuska da hannun riga, fankar ce take sa ido ruwa. Sannan ta ce saura tambaya huɗu, zan iya ko mu tsaya? Na ce kawo su. Muka gama. Ta yi mini godiya, ta tattara takardu ta fita.

Dakta Tahira ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Ban san wajen da ka bari mahaifinta ne ba, ba ta gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Da na sani da ban haɗa ku a ɗakin nan ba." Ta ce in ina so akwai wani abokin aikinta, dattijo, da zan iya zuwa mu riƙa hira. Na ce lafiyata lau. Ta ce ta sani, ta dai rubuta mini sunansa a takarda. Na sa a aljihu don kada in kunyata ta.

A gindin wata bishiya bayan ginin na sami Ramlat. Ta cire farar rigar ta dunƙule ta a fuska. Na tsaya, ban san da wane suna zan kira ta ba. Ita ta ɗago ta ce, "Kaka."

Na ce na'am.

Ta ce, "Babana ko ka ce kada ya je, in ya ga dama sai ya je. Taurin kai a wajenka ya gada. Kwanansa ne ya ƙare."

Na ce ni ba ni da taurin kai. Ta yi dariya da majina da komai. Ta raka ni tasha ta saya mini ayaba.

Sai ta rubuta rahoto tukuna. Mako guda a ji sakamako.

Lahadi, 20 ga Oktoba

A rubuta a ajiye: ban canja amsa ba. Tambayar aka gyara.

Khamisu ya ce me aka gano a kan naka? Na ce sun gano akwai mutum ɗaya da ba na son gani, sun kuma ce ina da gaskiya.

Talata, 22 ga Oktoba

Da hantsi ina gyaran dangar bayan gida Hure ta kawo mini kunu. Ban shirya ba, na gaya mata maganar albasa. Ta daɗe tana riƙe da kwanon. Ta ce, "Ina bayan dangar nan ranar, na ji ku. Jira nake ka faɗa."

Na ce shekara uku?

Ta ce, "Sha kafin ya huce."

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ta ci! Ta ci! Takarda ta karɓu, rahoto ya karɓu. Litinin za a fara ba ta marasa lafiya, Dakta na gefe. Wayar Aina'u aka kawo mini gona da gudu, na tsaya tsakiyar kunya ina ihu kamar an ba ni Makka.

Ta ce hakkina ne in ji abin da aka rubuta a kaina, in ina so. Na matsa nesa da mutane na ce karanto. Wai mutum ne mai cikakken hankali, mai riƙe amana, mai haɗiye abu, mai wuyar sauka daga ra'ayinsa, yana ɗauke da baƙin cikin rashi da bai sauke ba. Na ce duk na yarda ban da ta huɗu. Ta ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Amarya, yanzu sai ki dawo a ɗaura, na ji an fara biyan ki."

Ta ce sai na sa haƙoran roba.

Na sayi goro na raba a masallaci. Khamisu na ba shi biyu. Ya juya su a hannu ya ce, "To Allah ya sa albarka." Ya rage murya ya ce ƙaninsa tun da aka sace masa shanu ba ya magana da kowa, ko irin wannan ma tana dubawa? Na ce sai na tambayi likita.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na je gonar gabas. Saboda waken ne, mai feshin nan ban yarda da aikinsa ba. Tsutsar ba ta yi ɓarna sosai ba, za a samu.

Mangwaron ya fi ni tsawo. Wani ya sare masa reshe ɗaya ba da kyau ba, gobe zan koma da adda in daidaita. Na zauna a gindinsa kaɗan, gwiwa ce. La'asar ta same ni a can. Babur ya wuce a hanya, na ɗaga kai, na mai kifi ne. Na yi salla a wajen.

Takardar da Dakta ta ba ni tana nan a aljihun shuɗiyar riga. Na ce wa Hure kada ta wanke tukuna.

Aina'u ta ba ni sabon biro da Ramlat ta aiko. Wannan karon daga na farko zan fara.

Zaharaddini.

Gwada biron nake yi. Yana rubutu.